Cutar Tabon Jijiyoyi ta MS: Alamominta na Farko da Taimakon Jami'an Dabarun Aiki

Mun tanadi wannan bayani ne domin al'ummar karkara da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da kuma hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi, waɗanda su ne jama'a kan fara kai wa kuka. Bayanin ya shafi wata cuta da likitoci ke kira maltiful sikilerosis, ko MS a taƙaice. Ma'anar sunan ita ce tabo masu yawa, saboda tabon da cutar ke bari a wurare daban-daban cikin ƙwaƙwalwa da laka. Cutar ba ta yawaita a ƙasarmu ba. Abin da ya sa muka ware mata shafi shi ne yanayin zuwanta: takan taɓa matashi, ta sake shi ya warware kamar ba a yi ba, sa'an nan bayan watanni ko shekaru ta dawo ta wani sashe dabam na jiki. Wannan zuwa da tafiya kan sa a ce iska ce ko sammu, ko kuma a ce majinyacin ne ke ƙirƙira don gudun aiki, har a ɓata shekarun da magani ya fi amfani a cikinsu.

Yadda cutar take

A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin jini, akwai kuma jijiyoyin saƙo, waɗanda ke ɗaukar umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, su kuma mayar mata da labarin gani da ji da taɓi. Kowace jijiyar saƙo tana lulluɓe da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke lulluɓe da wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta far wa wannan riga a cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Inda rigar ta zaizaye saƙo kan yi jinkiri ko ya yanke. Idan kumburin ya lafa jiki kan yi ɗan gyara, shi ya sa mutum ke samun sauƙi, amma tabo kan rage, kuma in abin ya yi ta maimaituwa ita kanta jijiyar takan mutu, ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Wani likita Bafaranshe mai suna Jean-Martin Charcot ne ya fara fayyace cutar a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar da ƙungiyar masu yaƙi da cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, kuma mata sun ninka maza sau 2 ko fiye. Galibi tana bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, wato ganiyar aure da haihuwa da neman abinci. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi da ke nesa da tsakiyar duniya, irin su Kanada da arewacin Turai. A waccan ƙididdiga an samu fiye da mutum 100 cikin kowane 100,000 a Turai, a Afirka kuwa ba su kai 10 ba. Sai dai a karanta adadin Afirka da lura, domin cutar ba ta tabbata sai da likitan jijiyoyi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, kuma duka biyun sun yi ƙaranci a nahiyar. Wanda ba a auna ba ba ya shiga lissafi.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara hatsarin kamuwa sun haɗa da shan taba, ƙarancin bitamin D, ƙiba mai yawa a lokacin balaga, da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya bi bayanan sojojin Amurka fiye da miliyan 10, ya gano cewa hatsarin ya ninka sau 32 bayan kamuwa da wannan ƙwayar cuta. Duk da haka fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita, kuma kusan dukkansu ba za su taɓa yin MS ba. Ita MS ɗin ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko ta kwanciyar aure, ko ta shayarwa. Gado yana da ɗan hannu, amma cikin 'ya'ya 100 da iyayensu ke da cutar, waɗanda za su yi ta ba su kai 5 ba. Saboda haka babu dalilin ware wa majinyaci kwano, ko fasa auren 'yar gidansu.

Alamomin farko

Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar sukan fara ne da nau'in da ke tashi ya lafa. Alamar kan taso sannu a hankali cikin sa'o'i ko kwanaki, ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, ta zauna makonni, sa'an nan ta ja baya. Ragowar kuwa, galibi waɗanda suka haura shekara 40, tafiyarsu ce ke yin nauyi a kai a kai ba tare da hutu ba.

Ido yana cikin wuraren da cutar ta fi farawa. Ido ɗaya ne kan yi dishi-dishi cikin kwana 2 ko 3, tare da ciwo a bayansa wanda ke ƙaruwa idan an juya shi hagu ko dama. Launuka sukan koɗe, musamman ja, har jan mayafi ya koma kamar wanda rana ta cinye. In an duba idon daga waje ba ja, ba kwantsa, ba yana, kuma tabarau ba ya gyara shi. Yawanci gani kan fara dawowa cikin 'yan makonni, a nan ne kuma ake yin kuskure, a ce tozali ko ɗigon da aka sa ne ya yi aiki, a manta da zancen. Wasu kuma ganin abu biyu-biyu suke yi, wanda kan ɓace idan an rufe ido ɗaya.

Na biyu shi ne canjin ji a fata. Mutum kan ji ƙafa ko hannu ko gefen fuska ya mutu, ko ya ji kamar kiyashi na bin sa, ko tsikarin allura. Sau da yawa abin kan fara daga tafin ƙafa ya yi ta hawa kwana da kwanaki har ƙugu, wani ma ya ji kamar an ɗaure masa ciki ko ƙirji da ɗamara. Akwai wata alama da ya kamata a tambaya musamman, domin majinyata ba su cika faɗinta da kansu ba: idan mutum ya sunkuyar da kai, kamar wajen ruku'u ko wanke ƙafa a alwala, sai ya ji wani abu kamar jan lantarki ya zarce daga wuya zuwa gadon baya har ƙafafu. Wannan yana nuna akwai matsala a lakar wuya.

Rauni a ƙafa kan fara da abin da ba a ɗauka komai ba. Silifa na yawan suɓucewa, yatsun ƙafa na tuntuɓe da dokin ƙofa, ƙafa ɗaya na jan ƙasa bayan an yi ɗan nisa da tafiya. Akwai jiri da tangaɗi, har a zargi mutumin kirki da shaye-shaye. Akwai karkarwar hannu idan an miƙa shi za a ɗauki moɗa, da matsuwar fitsari ba shiri ko kasa fitar da shi duka, da mantuwa da saurin ɓacin rai.

Gajiya ita ce alamar da ta fi yawa, ita ce kuma aka fi zaluntar majinyaci a kanta. Kusan mutum 3 cikin kowane 4 masu cutar suna fama da ita. Ta bambanta da gajiyar wanda ya wuni a gona, domin takan sauko wa mutum ko bai yi aikin kirki ba, barcin dare ba ya kawar da ita, kuma ta fi tsanani bayan azahar. Matar da ta tashi da ƙarfinta da asuba amma kafin la'asar ba ta iya ɗaga taɓarya, ga shi kuma jikinta ba rama ba zazzaɓi, ita ce za a kira raguwa ko mai son jiki. A ganinmu, yarinyar da aka sani da himma in ta canza haka ta fi buƙatar likita a kan faɗa.

Zafi yana tsananta duk waɗannan alamomi. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura tun 1890 cewa ganin wasu majinyata na dusashewa idan jikinsu ya ɗumama. Jijiyar da rigarta ta zaizaye takan kasa kai saƙo ko da zafin jiki ya ƙaru da rabin digiri ne kawai. Kafin a samu na'urorin zamani, likitoci har sa majinyaci suke yi cikin ruwan zafi su ga ko alamomin za su fito. A yankinmu, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, wannan babban ma'auni ne: mutumin da ƙafarsa ke mutuwa da tsakar rana ko a gindin murhu, ta dawo bayan ya sha inuwa ya watsa ruwa, a ambata wa likita haka. Zafin ba ya haifar da sabon tabo, tsohon yake tonawa, kuma abin kan lafa idan jiki ya huce.

Cututtukan da ke kama da ita

Mafi yawan masu irin waɗannan alamomi a ƙasarmu wata cutar ce ke damunsu, kuma da dama daga ciki suna da magani mai sauƙi. Ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 suna kashe tafin ƙafa. Kuturta tana kashe fata. Tarin fuka na ƙashin baya, ƙanjamau, tunjere da tsargiyar da ta shiga laka duk suna iya raunana ƙafafu. Shan inna ya fi kama ƙananan yara, kuma yakan zo da zazzaɓi. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa cikin mintuna, baki ya karkace, harshe ya karye, wannan a garzaya asibiti a take. Haka nan duk wanda ƙafafunsa biyu suka yi rauni cikin kwanaki kuma fitsari ya riƙe, kada a kwana da shi a gida.

Akwai kuma wata 'yar'uwar MS da ake kira NMO, mai far wa jijiyar ido da laka da tsanani, wadda ta fi yawa a tsakanin baƙar fata fiye da Turawa. Tun 2004 aka gano gwajin jinin da ke bambanta su. Bambancewar tana da muhimmanci, domin wasu magungunan MS suna ƙara ta'azzara NMO.

A asibiti

Ƙaramin asibiti ba zai iya tabbatar da cutar ba. Aikinsa shi ne ya auna suga da hawan jini, ya rubuta tarihin ciwon, ya ba da takardar turawa zuwa babban asibiti, daga nan zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri da Jos. Wanda abin ya fara masa ta ido zai iya bi ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Likita zai nemi hoton ƙwaƙwalwa da laka na MRI, wani lokaci kuma ya ɗebi ruwan laka ta gadon baya kamar yadda ake yi a gwajin sanƙarau. Abin da yake nema shi ne shaidar cewa cutar ta taɓa wurare fiye da ɗaya, kuma labarin wani ciwo da ya zo ya wuce a baya yana ƙarfafa wannan shaida. Don haka idon da ya dushe bara ya warke yana da daraja a wurinsa kamar ƙafar da ke ciwo yau. Muna shawartar iyali su sami ɗan littafi su riƙa rubuta ranar da kowace alama ta fara da ranar da ta tafi, da boko ko da ajami.

Babu maganin da ke kawar da cutar ɗungurungum. Idan ta tashi da ƙarfi akan yi allurar sitiroyid ta jijiya na kwana 3 zuwa 5 don gaggauta lafawa. Kada a sayi irin waɗannan ƙwayoyi a kemis a sha da ka, domin suna tayar da suga, suna kuma ba tarin fuka damar yaɗuwa in shi ne asalin ciwon. Akwai kuma magungunan rage yawan tashin cutar, waɗanda na farkonsu ya samu izini a Amurka a 1993, kuma sun fi amfani in an fara su da wuri. Suna da tsada ƙwarai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da guda 3, wato cladribine, glatiramer da rituximab, cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma sakiya da tsaga da ƙaho a fatar da ba ta jin zafi kan bar gyambo, sirace kuma ƙara ɗumama jiki yake yi.

Jami'in dabarun aiki

Jama'a sun san masu gashin ƙashi, waɗanda ke ƙarfafa tsoka da gyara tafiya. Akwai wani fanni dabam da ake kira okufeshonal terafi, wanda a nan za mu kira jinyar dabarun aiki. Aiki a wannan fanni yana nufin duk abin da mutum ke cika yininsa da shi: wanka, sa tufafi, alwala da salla, girki, reno, noma, ɗinki, koyarwa, zuwa suna da jana'iza. Jami'in kan fara da tambayar majinyaci abin da ya fi damunsa da ya kasa yi, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan sai ya kalli yadda yake yin aikin, ya ga ko salon yin za a canza, ko kayan aikin, ko wurin. A Nijeriya hukumar da aka kafa da Doka ta 38 ta 1988 ce ke yi wa waɗannan jami'ai rajista tare da masu gashin ƙashi. Ba su da yawa, an fi samunsu a asibitocin koyarwa, asibitocin ƙashi da asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa. Zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya taɓu. Sau da yawa ziyara 2 ko 3 tare da wani ɗan'uwa mai lura ta isa a koma gida da tsarin da za a bi.

Babban aikinsu shi ne tattalin ƙarfi. Akan sa majinyaci ya rubuta ayyukansa na mako guda da irin gajiyar da kowanne ya jawo. Daga wannan ake gane lokacin da ya fi kuzari, wanda ga yawancinsu daga asuba ne zuwa hantsi, sai a mayar da aiki mai nauyi can. Ana koya masa ya huta minti 10 ko 15 tun kafin ya gaji, domin in ya bari ƙarfin ya ƙare kwana guda ba zai mayar da shi ba. Ana raba wanki kwana 3 maimakon tara shi rana ɗaya, a kai hatsi inji a bar daka, a ɗebo ruwa a ƙananan jarkoki ko a kura. Duk aikin da za a iya yi a zaune, kamar yankan kuɓewa, wanke-wanke da guga, a yi shi a zaune a kan kujera mai majingina, kayan aiki kuma su kasance tsakanin kafaɗa da ƙugu don a rage sunkuyo. Wani gwaji da aka yi a Amurka aka wallafa a 2005, kan majinyata 169 da suka yi irin wannan darasi na mako 6, ya nuna gajiyar ta rage hana su harkokinsu. Abin da ya fi wuya a nan shi ne kunya. Mace na jin nauyin kwanciya da rana a gaban uwar miji, magidanci na jin nauyin barin gona da hantsi. Shi ya sa jami'in kan so a zo da mai faɗa a ji na gidan, ya ji da kunnensa cewa hutun nan yana cikin magani.

Game da zafi, dabarun duk na gida ne: shan ruwan randa a kai a kai, jiƙa ƙyalle a ɗora a wuya, fararen tufafi marasa nauyi, malafa, girkin dare tun da sanyin safiya ko a wuri mai iska, da wanka da ruwa mai sanyi kafin fita. Masu jego suna buƙatar kulawa ta musamman. Cutar kan lafa a watanni 3 na ƙarshen ciki, ta kuma yawaita tashi a watanni 3 na farko bayan haihuwa, daidai lokacin wankan jego. Mai MS ta yi wankanta da ruwa mai ɗumi kaɗan, a zaune, da wani a kusa, ta kuma guji kwanciya a kan gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa.

A cikin gida an fi faɗuwa a banɗaki da bakin ƙofa. Kafinta zai iya yin kujera mai huda a ɗora a kan masai, mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye benci a wurin wanka da wurin alwala. A rage tudun dokin ƙofa, a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanya, a ajiye tocila a gefen shimfiɗa saboda fitsarin dare. Takalmi mai maɗauri a dunduniya ya fi silifa, wanda ƙafarsa ke jan ƙasa kuma akwai wani tallafi na roba da ake auna masa. Hannun da ba ya riƙo akan naɗa wa cokali da wuƙa da biro tsumma ko robar tayar keke su yi kauri, a sauya maɓalli da zif ko riga mai zurawa. Wanda hannunsa ba ya ji kada ya gwada zafin ruwa ko ya sauke tukunya da shi, ya gwada da wurin da ke ji. Mai mantuwa ya haɗa shan magani da lokutan salla, ya sa ƙararrawar waya. Salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa abu ne da shari'a ta yarda da shi, batun azumi kuma a haɗa shawarar likita da ta malami. Mai ganin biyu-biyu ko jiri ya ajiye babur har sai likita ya sallame shi, ko da da shi yake ci.

Abin da ya rataya a kan shugabanni

Malamin makaranta ko ma'aikacin sakatariya mai wannan cuta zai iya shekaru yana aikinsa idan an mayar da darussansa safiya, an ba shi aji ko ofis a ƙasa kusa da banɗaki, an bar shi ya koyar a zaune, an kuma amince da ranakun asibitinsa. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta wulaƙanta mutum saboda nakasarsa, ta kuma nemi hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gwargwadon iko. Masu unguwanni da limamai su sa baki idan aka ga ana shirin sakin mace ko mayar da ita gidan iyayenta kan zargin ƙyuya alhali tana da irin alamomin da muka zayyana, sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma kuma ya taimaka da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa, domin a nan tafiyar da yawa ke tsayawa.

Dokar ta ba gine-ginen gwamnati wa'adin shekara 5 su gyara mashigansu, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ga masu kula da ayyuka a ƙananan hukumomi, gangaren da keken majinyaci zai iya hawa yana buƙatar tsawon mita 12 ga kowane mita 1 na tudu, da ƙarfen dafawa a gefe biyu, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90.